Kafin ka fasa jitarka: kurakuran zaɓen fikof don kiɗan kantiri mai nauyi

Cikin wata guda matasa uku suka kawo mini jita a nan Gombe, duk da ciwo iri ɗaya: an cire fikof na asali, an ɗora wani mai ƙarfi, sauti kuma ya mutu. Abin da suke nema ɗaya ne, tsinin sautin nan na kantiri (kiɗan country na Amurka) irin na Telecaster, jitar kamfanin Fender, wanda da zarar an taka feda, wato na'urar ƙafa mai canza sauti, zai rikiɗe ya koma rurin metal, kiɗan rock mai nauyi. Na gaji da maimaita magana a bakin shago, shi ya sa na zauna na rubuta.

Fikof dai maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar tagulla siririya kamar gashi, zagaye dubbai. Tsirkiya ta girgiza a kansa, shi kuma ya mai da girgizar lantarki. Mai naɗi ɗaya yana da haske da tsini, amma yana kwaso ƙugin wuta. Mai naɗi biyu, wato hambaka, wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson har ya hau jitarsu Les Paul a 1957, yana kashe ƙugin, sai dai muryarsa ta fi kauri.

Babban kuskuren, wanda ni ma ya ci ni, shi ne ɗauka cewa nauyin sauti daga ƙarfin fikof yake fitowa. Ina da wata jita ƙirar Telecaster da nake zuwa bukukuwa da ita a Billiri da Kaltungo. Na tara kuɗi wata da watanni, na aika Legas aka sayo mini fikof mai batir, mafi zafi da aka samu. Da ya iso bai shiga ramin ba. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na kai wa kafinta ya faɗaɗa ramin, muka cire farantin ƙarfen da jaki, wato abin da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita, ke zaune a kai, muka sa wani. Ran da na jona ta, idan na taka fedar distoshan, mai sa sauti ya yi kaushi, tana ruri kamar hadari, na ji daɗi. Da na ɗaga ƙafa na fizgi tsirkiya da yatsa irin na 'yan kantiri, sai na ji babu komai. Fizga mai ƙarfi da mai taushi duk ɗaya suke fita, a matse, ba numfashi. Tsinin nan da ya sa na ƙaunaci jitar ya tafi, domin rabinsa daga fikof na asali yake, rabi daga farantin da na yar. Katakon da aka sassaƙe kuwa ba ya dawowa. Har yau idan na ga ramin nan sai raina ya ɓaci.

Laifin nawa ne, ba na fikof ba. Fikof masu batir irin su EMG 81 an yi su ne don aikinsu, kuma suna yin sa, shi ya sa 'yan Metallica da Zakk Wylde suka daɗe da su. Amma kantiri kiɗan yatsa ne, yana buƙatar fikof da zai bar bambanci tsakanin taɓawa da duka. Nauyin metal kuwa amfilifaya da feda ne ke ba da mafi yawansa, sai gefen tafin hannunka da ke danne tsirkiyoyi kusa da jaki. Ku dubi John 5, wanda ya yi aiki da Rob Zombie: da Telecaster yake kaɗa kantiri da metal duka.

Abin da nake yi yanzu shi ne in sa hambaka marar batir, mai maganaɗisun Alnico 5, mai wayoyi huɗu. Wayoyi huɗun nan su ne sirrin, don da su ake haɗa makunnin da idan ka ja shi sama naɗi ɗaya zai mutu, ka samu haske, ka tura shi ƙasa kauri ya dawo. In ramin jitarka ƙarami ne, akwai hambaka masu girman naɗi ɗaya, kamar Hot Rails da Little '59 na Seymour Duncan, har da waɗanda aka yi daidai da farantin Telecaster. Ba ruwanka da kafinta. Wasu abokaina sun fi son maganaɗisun seramik saboda tsaurinsa a ƙananan tsirkiyoyi. Ni dai kunnena ya fi natsuwa da Alnico.

Kuma ku daina bin lamba. Yaro ya ga an rubuta 16k a kan fikof sai ya ce ya ninka mai 8k ƙarfi. Lambar nan turjiyar waya kawai take aunawa, waya mafi siranta tana ba da lamba babba ko da zagayen bai ƙaru ba.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ƙona mini rai, don har rai yana iya ci. Mutum ya ji jita tana ƙugi, nan take ya ce fikof ne, ya tafi neman sabo. Ƙanena, ka duba soket ɗinka tukuna! Wutarmu zagaye 50 take yi a daƙiƙa, wannan ƙugin shi kake ji. Ɗakunan taro nawa ne a Pantami ko Tumfure ke da wayar ƙasa ta gaskiya? A wurin biki fa, inda aka ja waya mai baki biyu daga janareta, aka jona amfilifaya da fanka da firjin lemo a layi ɗaya? Na taɓa canza fikof sau biyu a jita ɗaya saboda ƙugi, ashe ƙafar ƙasa ta fulogin amfilifayata ce aka karye don ya shiga soket. Ranar da leɓena ya taɓa makirfo hannuna na kan tsirkiya, wuta ta fizge ni har na saki jitar. Wanda duk ya karya ƙafar nan da gangan, da ransa yake wasa, da na mawaƙin da ke gefensa. Ka nemo mai aikin lantarki ya kafa sandar ƙasa, ka liƙe cikin ramin jita da takardar tagulla a haɗe da ƙasa, ka matsa nesa da janareta da caja. In ƙugin bai tafi ba bayan wannan, sai mu yi maganar fikof.

Sauran ƙanana ne, amma kullum sai na gan su. Makunnin murya yana da nasa awo: 250k ga mai naɗi ɗaya, 500k ga hambaka, 25k ga mai batir irin EMG. Ka haɗa hambaka marar batir da 25k, muryar za ta fito kamar an rufe lasifika da bargo. Mai batir kuma ya riƙa zare waya daga jita bayan kiɗa, don muddin tana ciki batirin 9V yana ci.

Kada ka ɗaga fikof har ya kusa lasar tsirkiya. Maganaɗisu zai riƙe ta, sauti ya gajarta ya riƙa rawa. Nakan danne tsirkiya a ƙarfen ƙarshe na wuya, in bar wajen milimita 2 tsakaninta da fikof, daga nan in gyara da kunne.

Ka auna tazarar tsirkiyoyinka a jaki kafin ka yi oda, na Fender sun fi na Gibson faɗi.

Fikof mai babban suna da aka ba ka a kuɗin kebur, jabu ne. Yawancinsu ba a tsoma su a kakin zuma ba, da ka ƙara distoshan za su fara tsuwwa.

Da hunturu kuma ka riƙa share ƙura da busasshen burushi. Soson ƙarfe kada ya kusanci fikof, garinsa yana manne wa maganaɗisu ya shige cikin naɗi.