Yadda shugabannin sashe a ayyukan matasa za su kafa zauren taimakon juna

Kodinetan cibiyar koyar da sana'a, da jami'in da ke kula da masu yi wa ƙasa hidima a ƙaramar hukuma, da mai lura da ma'aikatan fili a ƙungiya mai zaman kanta, duk halin da suke ciki ɗaya ne: sama ana jiran rahoto, ƙasa ana jiran alawus. Irin wannan shugaba ba ya kai kuka wurin oga don kada a ce ya gaza, ba ya buɗe cikinsa ga na ƙasa don kada girma ya zube. Taron bita na kwana biyu a otal ba ya maganin wannan. Abin da ke yi shi ne zama da takwarori a kai a kai, bisa ƙa'ida.

Tsarin ya daɗe. Reg Revans ne ya fara shi a Ingila cikin shekarun 1940, inda ya riƙa haɗa manajojin ma'adinan kwal su tattauna matsalolin da ke gabansu maimakon sauraron lacca.

A nemi mutum 5 zuwa 7 masu matsayi ɗaya, kuma daga ma'aikatu daban-daban. Kada a sa mutum da ogansa, kada a haɗa biyun da ke neman tallafi daga hannu ɗaya, don ba za su faɗi gaskiya ba. A yi alkawarin zama 6, sau ɗaya a wata, awa 3 kowane zama, a rubuta ranakun tun farko. A kauce wa makon ƙarshen wata saboda rahoto, a kuma tashi kafin la'asar don mata masu iyali su samu halarta. Kowa ya karɓi izinin ogansa a rubuce cewa zaman yana cikin lokacin aiki, in ba haka ba aikin gaggawa na farko zai cinye shi.

Kamar adashi ne, kowa da ranar ɗaukarsa. A kowane zama mutum 3 ke gabatar da matsala, minti 40 kowanne. Minti 5 na farko ya yi bayani ba mai katse shi. Matsalar ta zama tasa, wadda yake da ikon taɓawa: “'yan sa-kai biyu sun daina zuwa tun da na sauya jadawali” ta yi, “gwamnati ba ta sakin kuɗi” ba ta yi ba. Sai minti 25 na tambayoyi zalla, sannan minti 10 ya faɗi abu ɗaya ko biyu da zai yi kafin zama na gaba, a rubuta.

Tambayoyi zallan nan su ne wurin da zaure ke tsayawa ko ya rushe. Da zarar mutum ya gama bayani, wani zai ce “ai ni da na samu irin wannan”, shi ke nan lokacin ya koma nasa. Akwai kuma shawarar da ake naɗewa cikin tambaya, irin “me zai hana ka kore shi?” Mai jan zaman ya dakatar da ita, ya nemi a sake: “Me ka gwada?” “Wa ka ji ta bakinsa?” “In ba ka yi komai ba, me zai faru nan da wata uku?” Sai kuma batun shekaru. Kunya ba ta barin ƙarami ya titsiye babba da tambaya, don haka a fara zagayen daga mafi ƙanƙanta, kafin babba ya yi magana kowa ya bi sahunsa. Jan zaman ma a riƙa karɓa-karɓa.

Abin da aka faɗa a zaure amana ne, kuma ba a kiran sunan matashi ko ma'aikaci. Togaciya ɗaya ce, a faɗe ta ranar farko: in magana ta nuna ana cutar da yaro ko rayuwar wani na cikin haɗari, dole a kai ta inda ya kamata a ranar. Rukunin WhatsApp na tuna rana ne kawai. Hoton takardar wani matashi da aka tura can ya fita daga hannu, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023.

Kada a biya kuɗin zama. Duk zauren da aka fara da raba kuɗi a ambulan, ranar da ambulan ta tsaya zai watse. A riƙa zagaya ofisoshin juna, mai masauki ya kawo ruwa, ya kuma nuna wa baƙi yadda yake riƙe rajistar halarta ko kuɗin kashewa na yau da kullum.

Kowane zama ya buɗe da minti 20 na bin sawu: me ka ce za ka yi, me ka yi, me ya biyo baya? In aka tsallake wannan sau biyu, zauren ya zama majalisar ƙorafi. In kuma aka ga matsala ɗaya tana maimaituwa a bakin mutane da yawa, kamar tsara kasafi ko ladabtar da ma'aikaci, to horo ake bukata: a gayyato akanta ko jami'in kula da ma'aikata ya yi awa ɗaya a kai, a rana ta daban. A zama na 6 kowa ya faɗi ko zai ci gaba, wanda ya fasa zama biyu a jere ba uzuri a ba wani gurbinsa.