Yadda Za Ka Ɗauki Mai Sa Tayil a Abuja

Da farko, kada daɗin bakin mai aiki ya ɗauke ka. Ka ce ya kai ka gidan da ya taɓa yi wa aiki. Ƙwanƙwasa tayil ɗin da makulli: in ya yi amo kamar ganga, siminti bai cika ƙarƙashinsa ba, fashewa zai yi. Wannan ne ya ci min kuɗi a falona, shi ya sa nake nanatawa.

Sai ku auna ɗakin tare. Tsawo sau faɗi shi ne murabba'in mita, a kansa ake cinikin kuɗin aiki. Ƙara kashi 10 cikin 100 a kan tayil ɗin da za ka saya saboda yanka da karyewa.

Je kasuwar kayan gini ta Dei-Dei da ƙafarka ka sayi tayil ɗin. Duba kwalaye, lambar rukuninsu ta zama ɗaya, don kada launi ya bambanta.

Ku rubuta yarjejeniya, kafin alƙalami kaɗan ya isa.

Ranar aiki, tabbatar ya jiƙa tayil ɗin kafin ya ɗora. Kada a taka sai bayan awa 24. Sannan ka zuba bokitin ruwa a banɗaki. In ya gangara magudana bai kwanta ba, cika masa kuɗinsa.