Darasi na 6: Yadda za a iya da yunwa in an fara rage ƙiba

Toh ƴan uwa, a darasin da ya wuce mun auna ciki da igiya, muka ce in zagayen cikinka ya wuce rabin tsawonka to akwai aiki a gaba. Yau kuma maganar yunwa za mu yi, don ita ce ke kayar da mutane tun a satin farko. Mutum zai tashi da zafinsa ya ce daga yau ba karin kumallo, ba tuwon dare, sai ruwan ɗumi da lemun tsami, ya kwana uku a haka yana jiri yana faɗa da yara kan abin da bai kai ya kawo ba, rana ta huɗu da daddare sai ka tsince shi a bencin mai shayi an haɗa masa taliya leda biyu da ƙwai uku da rabin biredi. Wannan ba ragwanci ba ne, tsarin ne tun asali ba wanda zai iya jure shi.

Ku fara sanin yadda yunwar take. Akwai wani sinadari da ciki ke fitarwa, likitoci na kiransa girelin, shi ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa lokacin ci ya yi, kuma ya fi tashi daidai lokacin da ka saba cin abinci. Yunwa ba hawa take ta yi ba tsayawa, takan taso ta matsa maka, in ka sha ruwa ka kama wani aiki sai ta lafa, duk mai azumi ya san wannan. Shi ya sa tsayar da lokacin ci yake da amfani, safe da rana da dare, kar yau ka ci ƙarfe 8 gobe sai azahar. Rashin barci ma yana ƙara wannan sinadarin, wanda ya raba dare yana danna waya gobe zai wuni yana neman abin zaƙi, babba na buƙatar a ƙalla awa 7.

Yanzu abin da ke riƙe ciki. Abinci kala biyu ne: mai gina jiki, irin su wake, alale, awara, ƙwai, kifi, nama, kindirmo, gyaɗa, sai kuma ganye da hatsin da ba a cire masa dusa duka ba. Kuma wallahi a nan mun yi dace, duk muna da su a kasuwa da araha, zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kuɓewa, kabeji, gurji, yalo, karas. Wanda ya karya da koko mai suga da farin biredi kafin ƙarfe 10 cikinsa ya fara ƙugi, amma wanda ya ci alale ko dafaffen ƙwai biyu da ɗan kunun gero zai iya kaiwa azahar lafiya ƙalau. In an zo zuba abinci a raba kwano a ido, rabi ganye, kwata wake ko kifi ko nama, ragowar kwatan ne na tuwo ko shinkafa. Ba wanda ya ce ka bar tuwo fa. In malmala uku ka saba ci ka koma biyu, ka yawaita miya, ka fara da kwaɗon zogale kafin tuwon ya iso.

Inda ake yin asara ba a sani ba shi ne mai da abin sha. Babban cokali ɗaya na mai, ko manja ko man gyaɗa, yana da kalori wajen 120 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, in ya yi yawa ya zama kitse), toh ku tuna yadda ake tsiyaya shi a ɗanwake da garau-garau har ya kwanta a ƙasan kwano, ga shi ba ya cika ciki. A dinga aunawa da cokali. Lemon kwalba mai santilita 50 kuwa yana ɗauke da suga kusan giram 50, wajen ƙaramin cokali 12 kenan, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi shi ne kar babba ya wuce kamar cokali 6 a wuni gaba ɗaya. Zoɓo da kunun aya da fura ma in an cika musu suga duk kanwar ja ce. Kar a yanke sugan shayi rana ɗaya, mai zuba cokali huɗu ya koma uku na sati guda, sannan biyu, harshe zai saba.

Sai yadda ake cin. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki kamar minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa, mu kuma a tire ɗaya muke ci da jama'a, kowa na sauri kar a bar shi a baya, kafin saƙon ya iso an suɗe tiren. In da hali ka ɗebi naka a ƙaramin kwano, ka tauna da kyau, ka sha ruwa kafin ka fara. Hadisin nan da muka sani na raba ciki uku, kaso ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, ma'auni ne da ba ya buƙatar sikeli. Ranar biki ko suna kuma kar ka je da yunwa, ci ɗan wani abu a gida tukuna, in kuma an yi ɓarin ranar shikenan an yi, washegari ka koma tsarinka, ba sai ka hora kanka da wunin yunwa ba.

Game da sikeli, rabin kilo zuwa kilo 1 a sati ya isa. Kilo ɗaya na kitse ya kai kalori wajen 7,700, don haka wanda ya ce maka za ka zubar da kilo 10 cikin sati biyu kuɗinka yake so. Abin da ke saurin sauka a satin farko yawanci ruwa ne, in ya rage gudu daga baya kar hankalinka ya tashi. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp da yawansu maganin wankin ciki ne irin filasko, gudawa kawai za ka sha, kitsen na nan. Gara tafiyar ƙafa da ɗan sauri, minti 30 kwana biyar a sati, shi ne minti 150 ɗin da masana lafiya ke ba da shawara, bayan asuba ko bayan la'asar, mata ma ana iya zagaya tsakar gida ko a haɗu da maƙwabciya.

Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin, da mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai olsa, dan Allah kar ku taɓa abincinku sai kun ga ma'aikacin lafiya, musamman mai ciwon suga don sugansa na iya faɗuwa ya suma. Wanda kuma ya ga yana ramewa alhali bai rage komai ba, asibiti ya kamata ya nufa.

Aikin gida: ka samu littafin rubutu, kwana uku a jere ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka da lokacin, har da shayi da gyaɗar da aka miƙo maka a majalisa. Ka ja layi a ƙarƙashin abu ɗaya tak da za ka canza wannan satin. A zo da littafin aji mai zuwa, wanda rubutu bai zauna masa ba tukuna ya zana hoton abincin ya sa lamba a gefe.