Gato a tukunya da rairayi, ba sai da fur ba

'Yan uwa mata, in ba ki da fur (na'urar gashi), ko wuta ta ɗauke miki ana cikin haɗi, ki gasa gatonki (wato kek) a babbar tukunya da rairayi. Nan Yamai haka nake yi tun azumin bara.

Ki zuba rairayi busasshe a gindin tukunya, kaurin yatsu biyu. Ki rufe, ki ɗora a kan gawayi minti 15 ya ɗauki zafi. Sai ki jera ƙananan gwangwanayen tumatir uku, ki ɗora kwanon gaton a kansu. Kar kwanon ya taɓa rairayin.

Rairayin ne ke riƙe zafi yana sakinsa sannu sannu, shi ya sa gindin ba ya ƙonewa. Don saman ya yi ja, ki aza garwashi huɗu ko biyar bisa marfi.

Kar ki buɗe kafin minti 25, ko da ƙamshi ya cika gida. Ni na taɓa leƙawa, tsakiyar ta lotsa kamar an zauna mata! Bayan nan ki soka tsinke, in ya fito ba danƙo ya nuna.

Amma fa jiƙaƙƙen rairayi na damina tururi yake yi, gaton ya fito kamar alala. Na bakin garke kuwa warinsa zai shiga. Ki tankaɗe, ki shanya tukuna.

Kuma ki ware tsohuwar tukunya mai kauri, don aikin yana baƙanta ta. Ta Inna da na ara, har yau ina shan gori.