Kurakuran da ake yi in an je kamun kifin bas a dam ɗin da ba a saba zuwa ba a Amurka

Ƴan uwa mazauna Amurka da suka fara sha'awar fatsa, musamman na Teksas, wannan maganar taku ce. Kifin bas mai faɗin baki shi ne sarkin kifin fatsa a ƙasar nan, kuma mutum zai ware Asabar da Lahadi, ya sha tuƙi ya je dam ɗin da bai taɓa gani ba, ya dawo hannu rabbana yana cewa ruwan ba kifi, alhali kifi na nan fal, inda ya tsaya ne babu. Bari in yi misali da tafkin Fork da ke gabas da Dalas, wanda aka datse a 1980, a nan aka kama bas mafi girma a tarihin jihar a 1992, ya haura kilo 8.

Babban kuskure shi ne a iso bakin ruwa ba a duba taswira ba. Ka tuna dam ƙasa ce da ruwa ya cinye, ƙarƙashinsa akwai tsohon rafi da tsofaffin hanyoyi da gadoji da itatuwan da aka bari a tsaye, kuma bas ba ya yawo a fili haka kawai, laɓewa yake jikin irin waɗannan abubuwa yana jiran ƙananan kifi su gifta ya cafke. Toh tun ranar Alhamis ka buɗe Navionics ko wata taswirar zurfi a waya, ka nemo inda tsohon rafin ya yi kwana ya matso kusa da gaɓa, da inda tudu ya miƙe ya shiga cikin ruwa. Sannan ka shiga Google Earth ka koma tsofaffin hotuna na shekarun fari lokacin da ruwa ya ja, za ka ga kututture da duwatsu da layin hanya ƙuru-ƙuru, ka sa masu alama. Wallahi wannan aikin na dare ɗaya ya fi maka sabuwar sandar dala ɗari biyu amfani.

Wani kuma zai ce sai ya zagaye tafkin duka. Fork ya kai eka dubu 27, kwana biyu ba za su ishe ka ba, man jirgi kawai za ka ƙona. Zaɓi hannun rafi ɗaya ka bi shi daga baki har ciki.

Akwai kuma zaman jira. Wanda ya saba kamun tarwaɗa a Tiga ko Kainji, ya sa tana ya jefa ya zauna har magariba, in ya kawo wannan haƙurin nan zai sha wahala, don shi bas nemansa ake yi. Ranar Asabar ka ɗauke ta ranar bincike, ka sa kifin roba mai nutsewa ko mai ƙarfe mai juyawa, ka jefa ka jawo ka matsa gaba, in ka yi kamar rabin awa ba ko taɓawa ka tashi. In ka samu guda, kar murna ta sa ka manta tambayar kanka, a wane zurfi ya ci, jikin ciyawa ne ko itace, inuwa ce ko rana, domin galibi sauran ma irin wurin suke, shikenan Lahadi sai ka bi wurare masu kama da shi a nutse.

Mutane na raina zafin ruwa. Wajen Maris da Afrilu, in ruwa ya kai digiri 15 zuwa 18, kifin na hawowa gefe inda ba zurfi don yin ƙwai, amma a Yuli da Agusta in ka tsaya jifa gaɓa da tsakar rana ka ɓata lokacinka, sai dai da asuba bayan ka yi salla ko dab da faɗuwar rana. Kuma kar ka ce tunda zafi ake bari in zura can ƙasa, da zafi ruwan dam yana rabuwa hawa-hawa, na can ƙasa iskar shaƙa ta yi masa ƙaranci, kifi ba ya zama a ciki.

Sai maganar ƙugiya. A ruwa mai itace irin wannan, in ka bar bakin ƙugiya a waje kowane jifa sai ya maƙale. Ka soka tanar roba yadda tsinin zai nutse cikin jikinta, ka bar ta ta kai ƙasa, ka riƙa ɗaga sanda a hankali. Za ka ji ɗan tuk a hannunka ko ka ga zare na tafiya gefe shi kaɗai, ka sauke sanda, ka naɗe sako-sakon zaren, sannan ka fizga da ƙarfi. In ya fito ka jiƙa hannu ka kama leɓensa na ƙasa da babban yatsa, in babba ne ka tallafi cikin da ɗaya hannun, kar ka rataye shi da muƙamuƙi.

Dan Allah kar a yi wasa da doka. A Teksas daga shekara 17 sai da lasisi, ana saye a intanet ko Walmart, har na kwana ɗaya akwai. Kuma kowane tafki da ƙa'idarsa, a yawancin jihar bas sai ya kai inci 14 ake tafiya da shi, amma a Fork duk wanda ke tsakanin inci 16 da 24 dole ka mayar da shi ruwa nan take, ma'ana wanda ya fi burge ka shi ne aka hana, don haka ka tafi da abin awo, jami'an Texas Parks and Wildlife, hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar, na zagaye kuma suna cin tara.

In da jirgi ka je, ka bi hanyar da aka sa wa alama, kututturen da ke ɓoye taƙi ɗaya ƙarƙashin ruwa yana fasa inji yana kuma jefa mutum. Rigar kariya ta zama a jikinka, yara ƴan ƙasa da shekara 13 doka ce ma su sa in jirgi na tafiya. Kafin ka bar bakin ruwa ka cire toshiya ka zubar da duk ruwan da ke cikin jirgin, wannan ma doka ce, saboda wata ƙaramar ƙumba mai zane da ke bin jirage daga tafki zuwa tafki tana toshe bututun ruwa.