Yadda Za Ku Koya Wa Ɗan Firamare Nahawu Da Ƙa'idojin Rubutu A Gida

Yaron Bahaushe da ya taso a unguwannin Legas irin su Agege ko Idi-Araba ko Obalende yana wuni da harsuna huɗu a bakinsa. Da Hausa yake gaishe da mahaifiyarsa da safe, da Turanci malama take koya masa lissafi, da Yarbanci yake sayen burodi a bakin layi, da buroka kuma yake gardamar ƙwallo da abokansa. Idan aka haɗa da Larabcin Islamiyya sun zama biyar. Wannan arziki ne babba, amma ranar da aka ce ya zauna ya rubuta sakin layi guda, sai harsunan su riƙa hawa kan juna, a ga shafi cike da kalmomi babu aya babu waƙafi. Tun shekarar 2018 dokar Jihar Legas ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, Turanci kuwa shi ne harshen aji, don haka rubutun Hausa ya zama nauyin gida kusan gaba ɗaya. A ganina a nan ya kamata a fara, domin yaron da ya gane mece ce jimla a harshen da yake tunani da shi ba ya shan wahalar gane ta a Turanci.

Abu na farko shi ne ku tsayar da lokaci, kuma ya zama gajere. Minti ashirin a kullum sun fi awa uku ranar Asabar albarka. A gidaje da yawa tsakanin Magariba da Isha ya fi dacewa, lokacin da yaro ya dawo daga Islamiyya ya ci abinci. Idan maigida yakan makale a cunkoson Oshodi har dare, kada a ɗora karatun a kan dawowarsa. Uwa ko yaya ko ƙanen uba da ke gidan ya riƙe aikin. Kayan aiki ba su da yawa: littafin rubutu guda wanda ba na makaranta ba, fensir, magogi, da fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta. A rubuta kwanan wata a saman kowane shafi, kuma kada a yage ko ganye ɗaya komai munin rubutun da ke kansa, domin da tsofaffin shafukan nan za ku auna ci gaba.

Kafin yaro ya taɓa fensir, ku sa ya yi magana. Ku ce ya faɗi abu ɗaya da ya gani yau a hanyar makaranta. Idan ya ce “wata danfo a bakin gada”, wato motar bas ta haya, ku tambaye shi, “Me ta yi?” Zai ce ta lalace. To, a nan sai ku nuna masa cewa maganarsa ta farko ba ta cika ba, ta biyun ce ta cika ta: “Wata danfo ta lalace a bakin gada.” Jimla ke nan, wato zance mai ɗauke da wanda ake magana a kansa da abin da aka faɗa game da shi. Ɗan aji ɗaya da aji biyu ya ishe shi ya faɗi jimla, ku rubuta masa, ya kwafa a ƙasa. Daga aji uku shi zai faɗa, shi zai rubuta.

Alamomin rubutu su ne inda iyaye suka fi jin tsoro, alhali 'ya'yanmu sun riga sun san asalinsu daga makarantar allo da Islamiyya. Yaron da yake karatun Alƙur'ani ya san cewa idan aya ta ƙare ana tsayawa, ya kuma ga ƙananan alamomin da ke saman layi masu nuna inda ake dakatawa da inda ba a so a dakata. Kalmomin aya da waƙafi da muke amfani da su a rubutun boko daga can muka samo su. Saboda haka ku gaya masa a sauƙaƙe cewa aya, wato ɗigon nan guda, tana nufin a tsaya a ja numfashi, waƙafi kuma yana nufin a ɗan dakata a ci gaba.

Na ga amfanin wannan a kan 'yata lokacin tana aji uku. Ta rubuta labarin zuwansu kasuwar Mile 12 da mahaifiyarta, layi tara cur, babu ɗigo ko ɗaya: sun hau mota sun sauka sun sayi tumatir da attaruhu da albasa mai kaya ya ɗauka ruwa ya sauko sun fake a rumfa. Ban gyara mata komai ba. Na ce ta tashi tsaye ta karanta mini da ƙarfi, kuma kada ta numfasa sai inda ta ga aya. Tana kai layi na huɗu numfashinta ya ƙare, ta tsaya tana haki, ta dubi takardar ta ce, “Baba, ai babu wurin hutawa.” Na miƙa mata fensir na ce ta sa ɗigo duk inda ƙirjinta ya nemi hutu. Ta sa shida, biyar daga ciki a daidai wurinsu. Tun daga ranar, duk abin da ta rubuta sai ta karanta shi a bayyane kafin ta kawo mini, kuma wannan ɗabi'a ita ce na fi so kowane gida ya ɗauka daga wannan rubutu.

Waƙafi yana bukatar misalin da yaro zai ji bambancinsa da kunnensa. Ku rubuta masa “Bari Baba ya dawo”, sannan a ƙasa ku rubuta “Bari, Baba ya dawo.” Ta farko tana cewa a jira dawowar Baba, ta biyu tana cewa a daina abin da ake yi domin Baba ya riga ya shigo. Haruffan iri ɗaya ne, 'yar alamar nan ce kaɗai ta raba su. Haka ma alamar tambaya: “Ya ci abinci.” labari ne, “Ya ci abinci?” tambaya ce, kuma a baki ɗaga murya ne yake bambanta su, a takarda kuwa alamar ce take tsayawa a madadin muryar. Bayan waɗannan sai alamar motsin rai, sai alamar zancen wani, wadda ta fi saurin shiga idan kuka sa yaro ya rubuta cinikin da ya ji tsakanin mahaifiyarsa da mai kifi, kowa da maganarsa a sabon layi. Babban baƙi wurinsa farkon jimla da sunayen mutane da garuruwa, kamar Legas da Kano da Ikeja. Ruwa biyu (:) da waƙafi mai ruwa (;) da baka biyu ( ) su jira aji biyar ko shida, babu gaggawa a kansu.

Nahawu kuwa kada a fara shi da haddar ma'anoni. A fara shi a madafa. Ku ce yaro ya nuna abubuwa biyar ya faɗi yadda ake kiransu, tukunya, ludayi, murhu, gishiri, wuƙa, sai ku ce masa waɗannan su ne suna. Ya faɗi abin da ake yi da su, dafa, zuba, yanka, sai ku ce masa aikatau ke nan. Ya faɗi yadda tukunyar take, babba ko ƙarama, sabuwa ko tsohuwa, ya samu sifa. Waɗannan uku sun ishi ɗan aji uku na tsawon zango guda, daga baya a ƙara wakilin suna, irin su shi da ita, da bayanau, wato kalmar da ke ƙara bayani a kan aikatau. A nan ne kuma za ku lura da abin da yake zamewa 'ya'yanmu na Legas, wato jinsi. Za ku ji yaro ya ce “motan ya zo” ko “kujera ne”. Ku nuna masa cewa yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin a na mace ne, shi ya sa muke cewa mota ce, motar ta zo, amma akwai irin su gida da ruwa da nama da suna waɗanda na namiji ne duk da haka.

Idan wannan ya zauna, sai a ƙetara zuwa Turanci da gada a hannu. Ku rubuta “ya tafi”, “yana tafiya”, “zai tafi”, “yakan tafi”, ku nuna masa cewa a Hausa 'yar kalmar da ke zuwa kafin aikatau ce take nuna lokaci, a Turanci kuwa sau da yawa aikatau ɗin da kansa ne yake sauya kama, go ya koma went. Rashin sanin haka ne yake sa yaro ya rubuta “Yesterday I go”, domin Hausa da buroka duka ba su saba masa da sauya jikin aikatau saboda lokaci ba. Kada ku tsangwame shi a kan buroka, harshen titi ne kuma zai yi masa amfani a garin nan. Ku dai koya masa cewa kowane harshe da wurinsa, kamar yadda rigar makaranta daban take da ta Juma'a. Sai kuma rikicin p da f, wanda ya samo asali daga cewa Hausa ba ta bambanta su. Ku riƙe 'yar takarda a gaban leɓensa ya furta pan da fan. A ta farko leɓɓa suna haɗuwa iska ta fashe ta kaɗa takardar, a ta biyu haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa.

Rubutun Hausa ma yana da ƙa'idojinsa, kuma ba jiya aka shimfiɗa su ba. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutun boko tun 1912, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta ƙara yaɗa daidaitaccen rubutu. Abin baƙin ciki shi ne yawancin Hausar da yaranmu suke gani a rubuce yau ta saƙonnin waya ce, inda ake jefar da ƙugiya ana cusa kalmomi cikin juna. Ku koya musu ɓ da ɗ da ƙ da 'y ta hanyar kalmomi masu kama: kafa da ƙafa, baki da baƙi, fada da faɗa, kara da ƙara. Ku rubuta “ya bata” ku tambayi yaro ko “ya ba ta” ake nufi ko “ya ɓata”, zai ga da idonsa cewa kyauta da asara sun zama abu ɗaya saboda sakaci. Ana haɗa yana, tana, suna, yakan, gidansa, motarta. Ana raba shi ne, ita ce, za mu, za su, ya ba ni, na gan shi. Manhajar Gboard tana da allon Hausa mai haruffan ƙugiya, ku sanya shi a wayar gida, ku ma ku riƙa amfani da shi, tunda saƙonninku yaro yake leƙawa.

Sau biyu a mako a yi shifta. Ku zaɓi jimla uku kacal, ku karanta kowace sau biyu a hankali ba tare da faɗin inda alama take ba, yaro ya rubuta, sannan ku ba shi asalin ya gwada da nasa ya gano kurensa da kansa. Rana ɗaya a yi da Hausa, ɗayar a ɗauko jimlolin daga littafin Turancinsa na makaranta.

Insha'i yana rayuwa ne idan akwai mai karanta shi. Yaro ya rubuta jerin cefane, a tafi da takardar kasuwa a yi sayayya da ita. Ya rubuta wa kakarsa da ke Katsina ko Sakkwato wasiƙa, da kwanan wata da gaisuwa da labari da sallama, a ɗauki hotonta a tura ta WhatsApp, wani a can ya karanta mata, ta maido amsa da muryarta. Ya saurari tatsuniya daga bakin mahaifiyarsa, washegari ya rubuta ta da kalmominsa, sakin layi ɗaya na farko, ɗaya na tsakiya, ɗaya na ƙarshe. Ɗan aji shida da yake shirin jarrabawar shiga sakandare, ko ta jiha ko wadda hukumar NECO take shiryawa domin makarantun tarayya irin su King's College da Queen's College, yana bukatar ƙarin aikin auna fahimta: ya karanta ɗan gajeren labari, ya rufe littafin, ya amsa tambayoyi da cikakkun jimloli.

Wajen gyara ne gidaje da yawa suke ɓata aikin da suka faro da kyau. Shafin da aka cika da jan biro yana kashe zuciyar yaro, bulala kuma tana koya masa ya rubuta kaɗan domin ya rage laifi. Ku fara karanta abin da ya rubuta har ƙarshe, ku faɗa masa abu ɗaya takamaimai da ya yi daidai, sannan ku zaɓi kuskure iri ɗaya tak na wannan mako. Idan makon aya ne, ku kawar da kai daga kuskuren harafi, lokacinsa yana zuwa. Ku sa ɗan ɗigo a gefen layin da matsalar take, ku bar shi ya nemo ta. Idan kuma watanni sun wuce yana juya b da d, ko yana tsallake layi, ko yana matso da takarda dab da fuskarsa, ku je ku ga malamarsa, a kuma kai shi a duba idanunsa da kunnuwansa.

Uwar da ba ta yi boko ba tana da babban rabo a wannan aiki. Ta zaunar da yaron ya karanta mata abin da ya rubuta, domin kunnenta ya fi na kowa a gidan sanin inda Hausa ta karkace. Duk inda ta ji zance bai cika ba ta ce, “Sai me ya faru?” Duk inda ta ji ya zarce babu numfashi ta ce ya koma baya. Abin da ya shafi haruffa kuma a ajiye wa yayansa ko maƙwabcin da ya iya, ya duba littafin ranar Lahadi.