Safiya guda a Wang Na, tsohuwar fadar da ta zama gidan tarihi a Bankok

Duk wanda ya sauka a Bankok, ko karatu ne ya kawo shi, ko sarin kaya a Pratunam, ko jinyar wani nasa, makonsa na farko yakan ƙare ne tsakanin masauki, kanti da cigiyar inda ake sayar da abincin halal. Ba laifi. Amma kafin wata ya cika, ka ware safiya guda, Laraba ko Alhamis, ka je Wang Na, inda babban gidan tarihin ƙasar Tailan yake. A ƙasar nan abubuwa biyu ne suke jefa baƙo cikin rigima ba tare da ya ankara ba, wato sarauta da addinin Buda, kuma a harabar nan za ka ga su biyun a wuri ɗaya, a tsanake, ba cunkoso, ba mai tsare ka da ido.

Wang Na na nufin Fadar Gaba. An gina ta a 1782, shekarar da Sarki Rama na ɗaya ya kafa Bankok, ya ba ƙaninsa ita. Kada ka ɗauka mai wannan fada irin Ciroman nan ne mai zaman jiran gado. Sarki ne na biyu, da fadawansa, da rundunarsa, da kasonsa mai tsoka a harajin ƙasa. Zakara biyu a akurki ɗaya kuwa, kowa ya san yadda ake ƙarewa. A ƙarshen 1874 gobara ta tashi a babbar fada kusa da ma'ajiyar albarushi, sojojin Fadar Gaba suka taho da makamai wai za su taya kashe wuta, aka hana su shiga. Zargi ya yi tsami har mai Fadar Gaba na lokacin, Wichaichan, ya gudu ya fake a ƙaramin ofishin jakadancin Ingila. Sai da gwamnan Turawan Ingila na Singafo ya zo ya shiga tsakani a 1875, aka rage dakarunsa zuwa mutum 200. Wani abin ban dariya, mahaifin wannan Wichaichan, saboda sha'awar Amurka, ya laƙaba masa suna George Washington. Da ya rasu a 1885, Sarki Chulalongkorn bai naɗa kowa a gurbinsa ba. Ya soke sarautar, ya ƙirƙiro ta yarima mai jiran gado ya ba ɗansa, a 1887 kuma aka kwaso kayan tarihin gidan sarauta aka zuba a fadar da ta zama kango. Mutumin Kano ba zai ji abin baƙo ba, tunda Gidan Makama ma gidan sarauta ne kafin ya zama gidan tarihi. Sai dai a nan filin ya fi girma nesa ba kusa ba, har Jami'ar Thammasat da ke maƙwabtaka da gidan wasan kwaikwayo na ƙasa duk a tsohon filin fadar suke zaune.

Ana buɗewa daga Laraba zuwa Lahadi, a tashi ƙarfe huɗu na yamma. Litinin da Talata a rufe yake. Kuɗin shigar baƙo ya fi na ɗan ƙasa, kuma haka abin yake a yawancin wurare irin wannan, kada ka ɓata bakinka wajen musu da mai tikiti. Riƙe baht 300, kuɗin ƙasar, a aljihu, za ka dawo da canji. Babbar fada da ke ƙetaren filin Sanam Luang baht 500 ce, ga turmutsutsun 'yan yawon buɗe ido da rana mai narka ƙwaƙwalwa, shi ya sa nake cewa a faro daga Wang Na. Dalilin zaɓen Laraba ko Alhamis kuwa, a ranakun nan ne masu aikin sa-kai suke zagayawa da baƙi da misalin tara da rabi na safe, da Turanci, da Faransanci ma ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru, ba tare da ƙarin ko sisi ba. Idan kuma ka ci karo da tsohon shafin intanet yana yabon fadar katako ta Vimanmek, ka sani an rufe ta tun 2016 domin gyara, kada ka hau tasi sai ka tabbatar.

Hanya mafi daɗi ita ce ta ruwa. Ka shiga jirgin kogin Chao Phraya mai tuta ruwan goro, ka sauka a mashigar Tha Chang ko Phra Athit, ka ƙarasa a ƙafa. Kuɗinsa bai kai na kwalbar lemo biyu ba. Idan tasi ce, ka ce a kunna mita, wadda ke farawa daga baht 35, in direba ya ƙi ka sauka ka tari wata. A kewayen Sanam Luang ne kuma za ka gamu da wani mutum tsaf-tsaf, da fara'a da Turanci mai kyau, ya ce maka ai yau an rufe saboda bikin addini, amma ga ɗan adaidaita-sahu, wanda suke kira tuk-tuk, zai zagaya da kai gari a kuɗi kaɗan. Ni ma an yi mini. Na ƙare a shagon duwatsun ado da na tela, ana ta cusa mini abin da ban zo saye ba, safiyata ta tafi a banza. Ka yi murmushi, ka ci gaba da tafiya har ka ga ƙofa da idonka.

Da ka shiga, ka fara da tarihin ƙasa. Nemi wani dutse mai kusurwa huɗu, bai kai ƙirjinka ba, rubuce ta kowane gefe. Shi ne dutsen Sarki Ramkhamhaeng na tsohuwar daular Sukhothai, mai ɗauke da shekarar 1292, inda aka ce sarkin ne ya tsara haruffan Tai a 1283. A jikinsa ne aka rubuta maganar da kowane ɗan firamare a Tailan ya haddace, cewa a ruwa akwai kifi, a gona akwai shinkafa, da labarin ƙararrawar da aka rataye a ƙofar fada domin talakan da aka zalunta ya kaɗa. Wasu masana sun daɗe suna gardamar ko an sassaƙa shi ne daga baya, amma wannan ba hirar da za ka ɗauko da abokin da kuka haɗu jiya ba ce. Lura da shekarun da ke jikin allunan bayani. Idan ka ga 2325 kada ka rikice, lissafin Buda ne, ya riga na Miladiyya da shekara 543. Ka saba da cire wannan adadi tun yanzu, domin shi za ka gani a takardar haya, a rasit, har a jikin gwangwanin madara.

Sai ɗakin ibada na Buddhaisawan, wanda aka gina a 1795, mai ɗauke da mutum-mutumin Buda da ake kira Phra Phuttha Sihing da zanen bango da ke cikin mafi tsufa a birnin. A nan ne Musulmi yakan tsaya yana wasi-wasi. Abin da na gani shi ne babu mai cewa ka rusuna, ko ka haɗa hannu, ko ka kunna turare. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tsaya daga waje, babu mai tambayarka dalili, ƙasa ce mai Musulmi miliyoyi kuma sun san mu. In ka shiga, to ga ladabin wurin: ka cire takalmi, ka tsallake dokin ƙofa kada ka taka shi, ka zauna ka naɗe ƙafafu ta baya. Miƙe ƙafa ta fuskanci mutum-mutumin, ko ta fuskanci mutum, cin mutunci ne babba a wurinsu, kamar yadda dafa kan wani yake, ko da yaro ne kana wasa da shi. 'Yar'uwa kuma, idan kin ga malaman Buda masu mayafi ruwan goro, ki ba su hanya, kada ki miƙa musu abu hannu da hannu, a nan ko a cikin mota. Shigarmu ta gida, doguwar riga da hijabi ko kaftani, ta wadatar a ko'ina. Gajeren wando da buɗaɗɗiyar kafaɗa ne ake mayarwa daga ƙofa.

Akwai sirdunan giwa na hauren giwa, da makamai, da kayan kiɗa, da Jan Gida na katako da aka yi wa yayar Rama na ɗaya. Ka wuce su yadda ƙafarka ta ga dama. Akwai kuma mutum-mutumin tagulla da suke kira Yaron Zinariya, wanda wani gidan tarihi na New York ya dawo da shi a 2024, irin fafutukar da Najeriya ke yi kan tagullar Benin.

Inda nake so ka daɗe shi ne rumfar karusan jana'iza. Babbar cikinsu an ƙera ta ne a 1795, tsayinta ya haura mita 11, nauyinta ya fi tan 13, an lulluɓe ta da ruwan zinariya da gilasai, kuma ba doki ko inji ke janta ba, mutane ne sama da 200 da igiya. Kada ka ɗauka kayan kallo ce kawai. A watan Oktoban 2017 an fito da ita a jana'izar Sarki Bhumibol, wanda ya yi shekara 70 a gadon sarauta, zuwa filin Sanam Luang da ka ratso, inda ake ƙona gawar sarakuna. Idan ka tsaya a gindinta ka ɗaga kai, za ka fahimci abin da ya sa hoton sarki yake a kowane ofis da kowace mahaɗar titi. Mu mun saba da zama a majalisa ko a Facebook mu yi wa shugaba wankin babban bargo. A nan sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 a kan kowane laifi guda na ɓata sunan sarki, sarauniya, mai jiran gado ko mai riƙon sarauta, kowa na iya kai ƙara, kuma fasfo ɗinka na baƙo ba zai cece ka ba. Yaɗa rubutun wani ma na iya zama laifi. Idan abokan karatunka 'yan ƙasa sun ɗauko zancen, ka zama mai kunne. Kuɗi ya faɗi iska na jansa, kada ka take shi da ƙafa, fuskar sarki ce a jiki. Ƙarfe takwas na safe da shida na yamma kuma, in taken ƙasa ya tashi a tasha ko a fili ka ga kowa ya ƙame, kai ma ka tsaya, minti ɗaya ne.

Zuwa sha biyu ƙafa ta gaji, azahar ta kusa. Ka nufi unguwar Banglamphu, tafiyar kamar minti goma sha biyar. A wani siririn lungu da ke kan titin Chakraphong akwai masallacin Chakraphong, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan birnin, na zuriyar Musulmin Pattani, a kudancin ƙasar, da aka kawo tun zamanin Rama na ɗaya. Lungun na da sauƙin wucewa, ka tambayi duk matar da ka gani da hijabi. A kewayensa akwai masu abincin halal, ka duba koren tambarin majalisar Musulunci ta ƙasa a jikin rumfa. A wani wurin da babu tambari, ka ce "mai kin mu", wato ba na cin alade, namiji ya ƙara "khrap", mace ta ƙara "kha", ko da yake wannan ba ya hana a soya maka abinci a kaskon da aka soya alade. A Banglamphu dai ka nemi khao mok kai, dafa-dukar shinkafa ce rawaya da kaza, da ɗan kwanon miya mai tsami a gefe.